Kibiyar kabon mai tsada: inda na kai a gwaji

'Yan'uwa masu koyon harbin baka, barkanmu da war haka. Tun da hunturu ya kama nake gwada iri biyu na kibau na kabon, wato na zamani da ake yin sandarsu da zaren kabon, a filin da muke atisaye bayan Samaru, ta hanyar Shika, saboda tambayar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu: wanda farauta ce a gabansa, ya dace ya zuba kuɗi a mai tsadar? Nawa masu matsakaicin kuɗi ne, masu tsadar kuma aro na yi wajen wani ɗan'uwanmu da ya yi oda daga Amurka. Baka ɗaya, mai ƙarfin jan laba 50, tsawon kibiya ɗaya, kan kibiya iri ɗaya.

Mu fara da abin da ake sayar mana. A jikin kwalin kibau za ku ga lamba kamar .006 ko .003 ko .001. Wannan ita ce iyakar karkatar sandar, a ma'aunin inci. Kamfanin Gold Tip, alal misali, yana da Hunter mai .006, da Hunter XT mai .003, da Hunter Pro mai .001, kuɗin kuma yana hawa yadda lambar take sauka. Matsakaicin kaurin silin gashin kai wajen .003 ne, to ku auna abin da ake magana a kai. Abu na biyu da tsada take saya shi ne daidaiton nauyi, wato kibau goma sha biyun da ke cikin dozin su zo kusan nauyi ɗaya. Ana auna shi da giren, kuma giren 7,000 ne laba guda.

A mita 20, da kan atisaye mara kaifi, wallahi ban ga bambanci ba. Duka biyun suna taruwa wuri ɗaya a jikin buhun da muke harbi, gwargwadon yadda hannuna ya tsaya ranar. A mita 30 ma haka. Sai da na ɗaura kan farauta mai faffaɗan kaifi na ja baya zuwa mita 40 sannan magana ta fara fitowa. Kaifin nan iska yake kamawa a gaba, ƙaramar karkata sai ya mayar da ita babba. Masu tsadar kusan dukansu sun tafi tare. Cikin nawa kuwa akwai 'yan ƙalilan da kullum sai sun ware, kuma gefe ɗaya suke warewa. Na gane su ne don na rubuta wa kowace kibiya lamba da biro a jikin gashinta, wato 'yan fikafikan da ke gindinta. Ku yi haka tun yau, don in ba lamba, ba za ka taɓa sanin laifinka ne ko na kibiyar ba.

Su ma masu warewar ba duka na yar ba. Akwai wadda na murɗa tsagar gindinta, inda tsirkiya take shiga, na kai ta kan gashi na gaba, sai ta dawo cikin 'yan'uwanta. Dalili kuwa, bututun kabon ba lallai ne taurinsa ya zo daidai ta kowane gefe ba. Akwai wadda bakin sandar ne ba a yanke a miƙe ba, sai kan ya zauna a karkace. Ana gane wannan in an tsayar da kibiyar a kan tsininta bisa teburi mai santsi aka murza ta: mai kyau tana juyawa kamar ba ta motsi, mai matsala za ka ga wuyanta yana rawa. Na goge bakin da samfefa a hankali har ya daidaita, na sake manna ɗan ƙarfen da kai yake shiga. In kuma sabuwar sanda ce ba a yanke ba, a rage ta daga baki biyun, don karkata ta fi zama a ƙarshe-ƙarshe. Kada a yanka da zarton hannu, yana tsattsaga zaren kabon; injin yanka mai gudu ake so, a kuma rufe hanci saboda ƙurar.

Abin da ya fi lambar miƙewa muhimmanci nesa ba kusa ba shi ne tauri, wato 500 ko 400 ko 340 ko 300 da ke rubuce a jikin sandar. Yadda ake samo shi: a ɗora sandar a kan matokara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a ga nawa ta lanƙwasa. In rabin inci ne, ita ce 500. Ƙaramar lamba ita ce mafi tauri. Bakana ya fi jituwa da 400. Kibiya mai .001 da taurinta bai dace da bakanka ba, mai .006 da ya dace za ta fi ta tafiya. Tsawon sanda da nauyin kai duk suna rage mata tauri a lokacin harbi, shi ya sa ake duba jadawalin kamfani kafin a biya kuɗi. Nauyin kibiyar gaba ɗaya kuma kada ya gaza giren 5 ga kowace labar ƙarfin baka, in ba haka ba bakan ne zai sha wahalar.

Wannan maganar tafiya a miƙe ta wuce gwaninta. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi (SAW) ya bambanta abin da makamin farauta ya huda da tsininsa, wanda ake ci, da abin da ya buge da faɗinsa ya kashe, wanda ba a ci. Kibiyar da ta isa a karkace ba ta shiga yadda ya kamata, sai dabba ta gudu da rauni ta je ta wahala a daji. Ni wannan ya fi damuna fiye da kowace lamba.

Wani dattijon maharbi da ke biyowa ta filin ya karɓi ɗaya daga masu tsadar, ya murza ta tsakanin tafukansa, ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawonta, yadda yake yi wa kyauro. Na ce, Baba, ya ka gan ta? Ya yaba miƙewarta ƙwarai, sannan ya tambaye ni ko ana gyara ta a wuta in ta lanƙwashe. Ba a yi. Kyauro ana gasa shi a miƙar, ta alminiyon ma ana ɗan iya miƙar da ita, amma kabon ko dai tana miƙe ko ta tsage. Tsagewar kuma wani lokaci ido ba ya gani. Saboda haka duk kibiyar da ta daki dutse ko ta gogi 'yar'uwarta a buhu, a riƙe ta baki biyu, a nisanta da fuska, a ɗan lanƙwasa ana juyawa ana saurare. Da an ji ƙas, a karya ta a jefar, komai tsadarta. Wadda ta fashe a kan tsirkiya, hannun da ke riƙe da baka take shiga. In kuma ta karye a jikin dabba, a yanke naman wurin a zubar. Nan ne nake tsoron kibau marasa suna da ake tallarsu a intanet da arha, waɗanda ba lambar tauri a jikinsu, ba nauyi. Waɗannan kam ban ba kowa shawarar saye ba.

Sai mu dubi dajinmu. Abin da muke nema zomo ne, da gyazbi, da zabin daji, da makwarwa, kuma mafi yawan harbin bai wuce mita 20 zuwa 25 ba. Da rani ƙasar nan ta bushe ta yi tauri, ga marmara, kibiyar da ta kuskure sai dai addu'a. Da damina ciyawar bakin Galma ta haɗiye ta. Mutumin da ya sayi dozin da kuɗin da zai ishe shi dozin biyu, hannunsa yana nauyi wajen saki, atisayen ma sai ya rage, ga dala kullum tana sama.

Matsayina a yanzu ke nan: mai .006 ko .003 ta kamfani sananne, taurin da ya dace da bakanka, sauran kuɗin a sa a kai mai kaifi da ɗan sikelin da ke auna giren. A tace dozin, mafi kyawun su shiga kwari, sauran su zauna na buhu. Mai .001 na bar wa wanda hannunsa ya riga ya zauna, yake harbi da faffaɗan kai daga mita 40 zuwa sama, don shi zai ga abin da ya biya.

Gwajin da ke gabana shi ne kai mai giren 100 da mai 125 a sanda ɗaya. Masu zuwa fili ranar Asabar in Allah ya kai mu, kowa ya taho da kibansa, zan zo da sikelin mu auna su ɗaya bayan ɗaya.