Inda ƙwayoyin kitosan suka dunƙule mini

Ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da insulin nake haɗawa da kitosan, wani sinadari mai dogon zare da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Haɗin kansa bai wahalar da ni ba. Kitosan miligiram 2 a kowace mililita ta asetik asid kashi 1 cikin ɗari, ya kwana yana juyawa, na tace, na daidaita pH, wato ma'aunin tsami, a 4.8. Insulin a ruwan TPP (wani gishirin fosfet da ke ɗaure zaren kitosan) na zuba shi, na riƙa ɗigawa kan kitosan har nauyin kitosan da na TPP ya kai huɗu bisa ɗaya. Ruwan da ke garau ya rikiɗa ya yi shuɗi-shuɗi, kamar an ɗiga madara a kofin ruwa. Da ganin launin nan ka san ƙwayoyi sun haɗu.

A santirifuj, injin da ke juya bututu da gudu don ware abin da ke ciki, abin ya lalace. Don raba ƙwayoyin da insulin ɗin da bai shiga ba, na juya su minti 30 da ƙarfi sosai, a injin da ba ya sanyayawa, ga zafin Afrilu na Garwa da ke haura digiri 40. Da na ciro bututun yana da ɗumi, a ƙasansa wani dunƙule mai danƙo. Na girgiza, na sa a wankan sauti (ruwan da igiyar sauti ke girgizawa), ya ƙi warwarewa. Gutsattsari kawai ke yawo, ido ma yana ganinsu, alhali abin da ake nema bai wuce nanomita 200 zuwa 300 ba. Insulin mai tsada ya tafi a banza, kuma har yau abin na ci mini rai.

Dalilin a fili yake. Waɗannan ƙwayoyi masu laushi ne, galibinsu ruwa, cajin lantarki kawai ke riƙe da su. In ka matse su, TPP ɗin wannan sai ya kama zaren kitosan na waccan, su zama abu guda.

Yanzu sai na ɗiga gilisarin (wani ruwa mai kauri) maikirolita 10 a gindin bututu kafin in zuba haɗin, ƙwayoyin su sauka kansa maimakon su manne da roba. Na rage gudun injin, kuma da sassafe nake aikin, bututun na fitowa sai cikin ƙanƙara. Dunƙulen yakan watse da tsotsa kaɗan ta fifet, bututun ɗiban ruwa.

Mai niyyar daskarar da su ya busar, ya sa tirehalos (wani nau'in sukari) kashi 5 cikin ɗari tun farko. In babu shi, wannan dunƙulewar ce za ta sake faruwa.