Kafin Ka Ɗauki Kukan Wani Ka Kai Gaba

Ƙannena na Damagaram, maza da mata, musamman ku da kuke zaune a fada kuna shan shayi kuna shawarar kafa ƙungiya, niyyarku mai kyau ce, kuma garin nan yana bukatarku. Duk wanda ya taɓa tashi kafin kiran assalatu ya jera bido a bakin famfo lokacin bazara, ko ya ga an kulle yaro don ba shi da mai tsaya masa, ba sai an karanta masa ma'anar zalunci ba. Ni ma daga irin wannan fadar na taso, da zafin zuciya da waya a hannu. Na yi ɓarna a hanya, kuma abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar a kan wasu ta faɗa. Shi ya sa nake so ku ji daga bakina.

Akwai wata yarinya a unguwarmu, tana farkon kwaleji, aka fara raɗe-raɗin za a cire ta a yi mata aure. Ƙanwata ce ta kawo mini labarin. A lokacin na haddace alƙaluma kamar karatun allo: cewa a Nijar kusan uku cikin kowaɗanne ƴan mata huɗu ana aurar da su kafin su cika shekara 18, cewa dokar farar hula ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, cewa a 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace. Duk wannan gaskiya ne. Amma ban taɓa zama da yarinyar ba, ban gaida uwarta ba, ban san wa ke goyon bayanta a gidan ba. Daren nan na rubuta dogon bayani a Facebook. Ban ambaci sunanta ba, sai dai na faɗi unguwa, na faɗi sana'ar uban, na faɗi ajinta. A Zinder wannan ya isa. Kafin azahar kowa ya gane gidan. Mutanen da ba su taɓa taka garin nan ba suka yi ta zagin dattijon, wasu suka karanta masa zagin a bakin rumfarsa a kasuwa.

Abin da ban sani ba, ashe gwaggon yarinyar da wata malamarta sun riga sun shiga maganar ta bayan gida. Sun je wurin limamin unguwa, liman ya yi wa uban magana, har ya fara saukowa, ana batun a jinkirta sai ta yi jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji. Rubutuna ya rushe wannan duka. Mutumin da aka tozarta a bainar jama'a ba ya ja da baya, don kada a ce yara sun tanƙwara shi. Aka ɗauke ta aka kai ta ƙauye wurin dangi, can aka ɗaura auren, inda babu malama babu gwaggo.

Da na je gidan daga baya, uwar tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, wa ya aike ka? Da ka sallama ka tambaye ni, da na ce maka ka dakata." Ban sami abin cewa ba, har yau kuma ban samu ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka kawo muku kukan wani, ku fara zuwa wurin mai kukan. Ku tambaye shi me yake so a yi, me yake tsoro, wa ya riga ya shiga maganar. Sau da yawa za ku tarar abin da yake bukata ƙarami ne a idonku: a raka shi ofis, a karanta masa takardar da aka rubuta da Faransanci, a samo masa dattijon da abokin rigimarsa ke jin nauyi. A maganar yara mata kuwa, hanya tana bi ta gwaggo da kawu, ta shugaban makaranta, ta liman da mai unguwa, idan ta ƙi sai ma'aikatar kare yara da alƙalin yara. Yayatawa ita ce ta ƙarshe, kuma ba a yin ta sai mai abin ya amince ya san abin da zai biyo baya. Ku za ku kashe waya ku kwanta, shi zai ci gaba da kwana a gidan da aka yi rigimar.

Na ambaci mai unguwa. A shekarunmu na farko mun raina sarauta, muna ganin ai mu ƴan boko ne, mu je kai tsaye wurin hukuma. Wauta ce. Sarautar Damagaram ta girmi Jamhuriyar Nijar nesa ba kusa ba. Ganuwar Birni ta zamanin Sarki Tanimu tana nan tun kafin Bature ya mai da Zinder babban birnin mulkinsa, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Dokar ƙasa ma ta ba sarakuna da masu unguwanni ikon sulhu a rigingimun al'ada, kuma ana rubuta takardar sulhun, a sa hannu. A maganar gona da burtali akwai kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Ba na ce muku duk mai rawani adali ba ne, akwai mai son zuciya a ko'ina. Amma idan kuka tsallake shi, kun mai da shi abokin gaba tun kafin ku buɗe baki. Ku je ku durƙusa ku ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu." In ya taimaka, madalla. In ya ƙi, kun fita hakkinsa, kuma jama'a sun gani.

Maganar ruwa ce ta koya mini wani abu kusa da wannan. Kowa ya san Zinder a kan dutse take zaune, ƙarƙashinta babu ruwan kirki, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Gari kuma kullum faɗaɗa yake. Wata bazara da famfunan unguwa suka ƙafe, muka zauna mu samari muka tsara takardar koke da Faransanci mai daɗi, muka rubuta a kanta cewa da sunan matan unguwa muke magana. Ko mace ɗaya ba mu tambaya ba. Da aka karɓe mu a ofis, aka yi mana tambayoyi masu sauƙi: wane layi ne ruwan ke zuwa, da ƙarfe nawa, kwana nawa yake ɗaukewa, nawa mai garuwa ke sayar da bido yanzu? Muka yi ta kallon juna. Waɗanda suka san amsa suna gida, su ne masu tashi cikin dare su tara roba, su ne masu ƙirga dala-dala su biya mai kura. Da muka koma da wasu iyaye mata, wata Hajiya ta jero amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya ba tare da takarda ba, har da gidan da ke da tsohuwa marar mai ɗebo mata. Ranar ce aka saurare mu. Mu aikinmu kawai ya zama rubuta abin da suka faɗa da neman ranar ganawa.

Ku dubi shari'ar Hadijatou Mani, 'yar jihar Tawa da aka sayar tana yarinya. Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta tun 2003, amma sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta yanke cewa ƙasa ta gaza kare ta, ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi sun yi aiki mai yawa a kan wannan. Amma ita ce ta tsaya gaban alƙalai ta faɗi abin da aka yi mata, su suna bayanta. Kuma shekaru aka ɗauka ana tara takardu ana bin kotu-kotu. Duk mai son wannan aiki ya san haka yake tafiya.

Don haka ku koyi doka, ko da kaɗan ce, ku kuma koyi rubutawa. Ni na taɓa zuwa neman sakin wani yaro ɗan kabu-kabu, na yi ta hayaniya a ƙofa ina maganar haƙƙin ɗan Adam, alhali ban san ranar da aka kama shi ba balle sa'ar. A laifi na yau da kullum, tsarewar bincike awa 48 ce, ƙarin lokaci sai da izinin mai gabatar da ƙara. Da na riƙe ƙaramin littafi na rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya ga kamun, da tambaya ɗaya cikin ladabi ta fi duk ihun da na yi. Akwai kuma hukumar ANAJJ mai taimaka wa marasa hali da lauya da shawarar shari'a. Talakawa da yawa ba su taɓa jin sunanta ba, kuma raka mutum can aiki ne babba. Ku kula da abin da kuke turawa a WhatsApp ma. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana aiki, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Abin da ba ku gani ba, ba ku tabbatar ba, kada ku tura. Ko babu doka, addini ya hana.

Tarukan bita a otel da kuɗin zama, ba zan daɗe a kansu ba. Na bi su wani lokaci har na wayi gari na fi sanin ɗakunan taro fiye da lungunan unguwarmu, kuma ƙungiyarmu ta farko a kan rabon ƴan jikkuna ta watse. Ku sa ma'aji, ku rubuta kowace dala, ku karanta lissafi a gaban kowa.

Sai ƴan pale, wato gungun samarin da ake yi wa kallon ƴan daba. Mun daɗe muna zuwa Kara-Kara da niyyar wayar musu da kai, mu tsaya a gaba mu yi jawabi kan zaman lafiya, su suna zaune kan ƙarafan da suke ɗagawa suna kallonmu. Unguwar nan tun asali wurin da aka ware masu cutar kuturta ne, kuma ƴaƴanta sun taso suna jin yadda ake sauya fuska idan suka faɗi inda suka fito. Yaron da ke fasa dutse tun safe, ko yake sayar da ruwa-ruwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a kwalba a bakin titi a garin da matatar mai ta SORAZ ke aiki kusa da shi tun 2011, ya fi ku sanin rashin adalci. Kuskurenmu shi ne mun ɗauke su matsala, ba mu ɗauke su abokan aiki ba. Ranar da muka zauna a tabarmarsu muka sha shayinsu muka yi shiru, su suka gaya mana wace rigima ce ke shirin tashi tsakanin wane da wane, kuma su suka kashe ta.

Akwai ranar da ba na so ku manta, ko da kuna yara a lokacin. Juma'a, 16 ga Janairu 2015. Ran jama'a ya ɓaci kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, kuma ɓacin ran gaskiya ne, ni ma na ji shi. Bayan sallah aka fito. Kafin yamma an ƙona coci-coci, an ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, an rasa rayuka, washegari wutar ta kama Yamai. Ban jefa dutse ba. Amma saƙon kiran fitowa ya shigo wayata, na tura wa mutane ban tambayi wa ya shirya ba, ina za a bi, wa zai tsayar da yara in abu ya ɓaci. Muna da maƙwabci Kirista, tela, wanda ya ɗinka wa rabin layinmu kayan sallah. Ba shi ya yi zanen ba, bai ma san da shi ba. Wani tsoho a layinmu, wanda bai taɓa zuwa taron kare haƙƙi ba, shi ya buɗe ƙofarsa ya shigar da iyalin telan cikin ɗakin matarsa, ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna da carbi har gari ya lafa. Ni mai kiran kaina ɗan gwagwarmaya ina tsaye a titi ina kallon hayaƙi. Tara jama'a ba wuya, sallamar su lafiya ita ce aiki. Idan ba ku da hanyar sallamarsu, kada ku kira su. Kuma haƙƙin da kuke karewa ya haɗa da na wanda ba addininku ɗaya ba, da baƙon da ya zo cin rani, da almajirin da ba ku san garinsu ba.

In kuna neman inda za ku fara, ga wani aiki da ba ya jawo tafi: takardar haihuwa. Yara da yawa a unguwanninmu ba su da ita, sai lokacin jarrabawa ko yin katin ɗan ƙasa iyaye su shiga ruɗu. Wanda lokacin bayyana haihuwarsa ya wuce sai an bi ta kotu a sama masa hukuncin da zai maye gurbinta, kuma akan shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka don irin wannan. Ku bi layinku gida-gida, mata su shiga wurin mata, ku tambayi iyaye ko suna so. Waɗanda suka yarda ku rubuta sunayen ƴaƴansu, ku kai wa mai unguwa, ku je tare da shi ma'aikatar magajin gari ku tambayi ranar zama na gaba.