Godiya bayan taron tsofaffin ɗalibai na sakandaren garinmu

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Asabar nake so in rubuto wannan godiyar amma wallahi gajiya ta hana, muryata ma har yanzu bata dawo daidai ba. Alhamdulillahi taro ya tashi lafiya, an miƙa ajujuwan nan da muka gyara, baƙi kowa ya koma gida lafiya.

Godiya ta farko ga mai girma Hakimi, Allah ya ƙara wa rai daraja, ya zauna damu tun hantsi har bayan azahar bai nuna gajiya ba. Sai Baba Dagaci da masu unguwanni da liman, sai Firinsifal da malamansa da suka sha zirga-zirga damu kusan wata uku.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne lokacin da tsohon malaminmu na lissafi ya karɓi lasifika ya fara bada tarihi, yaran yanzu sukayi tsit kamar ruwa ya cinye su, don su a zatonsu haka suka tarar da makarantar da katanga da get. Yace asalin abin daga UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a 1976, aka kwashi yara rututu aka zuba a firamare, to da suka gama aji shida sai ina? A lokacin in yaro ya ci jarrabawa sai dai a tura shi kwana Birnin Kudu ko Haɗeja ko Kano, kuma ba kowane uba ne zai iya sakin ɗansa ba ga aikin gona. Shi ne zamanin marigayi Abubakar Rimi aka bamu ta jeka-ka-dawo, kuma ba gini aka fara da shi ba, aron aji biyu akayi a firamare, 'yan firamare su tashi 'yan sakandare su shiga da rana. Filin da muke kai yanzu gonakin mutane ne, dattawa suka bayar ba a biya su ko sisi ba, aka yi gayya aka buga tubali. Ni kaina ban san cewa gonar kakan abokina na cikin filin ƙwallon nan ba sai ranar.

Mu namu zamanin muna ciki aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, na tuna yadda aka goge Kano a jikin allon bakin hanya aka rubuta sabon suna, fentin ma bai rufe tsohon rubutun sosai ba. Lokacin makarantar iyakarta jiniya, in ka gama aji uku sai ka nemi wata. Daga baya aka ƙara siniya, amma shekara da shekaru in lokacin WAEC da NECO yazo sai an ɗauki hayar mota an kai yara wani gari su rubuta, wasu su kwana a masallaci, kafin a samu a bamu santa, wato izinin rubuta jarrabawar a makarantarmu. Mata kuwa a ajinmu ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, ranar Asabar sai gashi layin 'yan mata masu fareti ya kusa fin na maza tsawo, har wata ɗalibarmu ta dawo tana koyar da bayoloji.

To ambaliyar 2022 ce ta kwantar mana da bulok ɗin baya, iska ta kwashe kwanon wani, yara suka koma ƙarƙashin darbejiya. Daga nan muka fara karo-karo. Don haka godiya ga 'yan uwanmu na Kano da Abuja da Legas da suke turo nasu duk wata ba sai an bisu ba, da wanda ya bada siminti yace kar a ambaci sunansa, mun ji Alhaji bazamu faɗa ba. Masu amalanke da suka ɗebo yashi kyauta, birkiloli da kafintoci da suka rage kuɗin aiki, matasan da suka kwana suna kafa rumfa, iyayenmu mata da suka tashi tun asuba suka ɗora tukwane, Allah ya saka da alheri. Iya mai ƙosai ta bakin get da ta ciyar da rabinmu bashi tun muna fom wan, itama ta kawo nata gudummawar a ƙulle a bakin zani, wallahi sai da na juya baya na share ido. Baba maigadi kuma shi ya kwana yana gadin kayan aiki har aka gama ko ƙusa bata ɓata ba.

Waɗanda abinci bai kai gare su ba ku yafe mana, laifinmu ne 'yan kwamiti, mun yi lissafin mutane ƙasa da waɗanda suka zo. Malamanmu da suka rigamu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu ya sa aljanna ce makoma.

Saura ɗakin gwaje-gwaje da bencina, zamu zauna bayan sallah in Allah ya kaimu, ma'aji zai karanto lissafin kuɗi a wajen. Sannan dan Allah wanda ya tafi da kujerun roba guda huɗu na haya ya dawo dasu gidan Dagaci, mai su yana ta kirana.