Asabar a kan ganuwar Conwy

Ƙafafuna sai zogi suke, amma bari in rubuta wannan kafin barci ya sace ni.

Da hantsi na hau jirgin ƙasa daga Bangor zuwa Conwy, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Conwy ɗan ƙaramin gari ne a arewacin yankin Wales na Birtaniya, daidai inda kogin Conwy yake zuba cikin teku, tsaunuka kuma sun tokare shi ta baya. Na tarar ruwa ya janye, ƙananan jiragen masunta duk sun kishingiɗa a kan laka suna jiran dawowarsa.

Ganuwar ce ta kawo ni. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ne ya sa aka fara gina ta a 1283, bayan ya ci Wales da yaƙi, tare da katafariyar fada mai hasumiya 8. Tsawonta kilomita 1.3, hasumiyoyinta 21, kuma har yau ana hawa a yi tafiya a kanta. Na hau. Iska kamar za ta cire min hula. Na kafa ido a wata siririyar taga da maharba ke sako kibiya, faɗinta bai fi tafin hannuna ba, amma ana hango duk wanda ya tunkaro.

A nan wani dattijo ɗan garin ya faɗa min abin da ya tsaya min a rai: ba don mutanen Wales aka yi ganuwar ba, don baƙin da aka kawo daga Ingila aka yi ta, 'yan ƙasa kuwa aka bar su a waje. Amma yau jikokin 'yan ƙasar ne ke tattalinta, kuma tun 1986 tana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Sai badalar Kano ta faɗo min, wadda kakanninmu suka gina don kare kansu, ga shi muna kallo ana yagarta ana kafa shaguna. Wallahi sai da idona ya ciko.

Da na sauko bakin ruwa na leƙa jan gidan nan da ake ce wa mafi ƙanƙanta a Birtaniya. Faɗinsa bai kai mita 2 ba, wani dogon masunci ne ya zauna a ciki har 1900. Ni ma sai da na sunkuya.

Na yi la'asar a wani lungu a gindin ganuwar, dutsen da sanyi ƙarara, sannan na kama hanyar tasha.