Laraba, daga Wusasa

Yau dai mun je Wusasa duba Maman Biyu, jiki da sauƙi Alhamdulillahi, har ta ci tuwo ta yi mana tsiya. Kunun da Inna ta dama kuwa rabi ya zube a keke, kar ma a tada maganar.

Da muka fito ne ƙanwar mijinta ta ce sai mun leƙa tsohuwar cocinsu, St Bartholomew, tunda kullum ina damunta da tambaya. Ni fa shekara nawa ina wucewa ta gefen nan ban taɓa shiga ba. Ginin ƙasa ne, tubali, irin na kakanninmu, tun 1929 lokacin da mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglican daga Ingila, suka taso daga cikin birnin Zariya suka dawo nan bayan gari, bayan su Likita Mila, Baturen mishan ɗin, sun zauna a birni tun 1905. Ina shiga sanyi ya buge ni, ga rana tana ƙwalla a waje amma ciki kamar bakin randa, bango mai kauri, na ɗaga kai na ga bakan gizo wallahi sai na tuna masallacin Juma'a na birni da Babban Gwani ya gina, salon gini ɗaya ne ko ba a faɗa maka ba. Ta ce a unguwar nan Gowon ya taso, na ce wannan ai ko yaro ya sani.

Toh ina tsaye ina ta santi sai Yaya ya ce, "Ke dai kina da ƙauyanci, ƙasa ai ƙasa ce, rashin kuɗin siminti ne ya sa." Na ce haba Yaya, Turawan da suka zo daga Ingila ne ba su da kuɗin siminti? Ya yi dariya ya ce in bari damina ta zo in ga wahalar yaɓe.

Kuma na san inda maganar ta dosa. Zauren Kaka yake nufi. Tun bayan salla yake cewa a rushe a zuba bulo a yi shaguna biyu, kuma gaskiya ba ƙarya ya yi ba, shi ke biyan mai yaɓe duk shekara, ni iyakata ɗaukar hoto. Azarar ma gara ta fara ci. Amma dai zauren da aka raɗa mana suna dukkanmu a ciki? Har muka iso Kwangila ban ce masa uffan ba, shi kuma yana ta waya kamar bai yi komai ba.

Wuta ta zo ƙarfe tara, ta koma tara da kwata. Ban yi guga ba.

Ina kwance yanzu zufa ta jiƙa filo, ɗakin bulo, rufin kwano. Gobe zan tambayi Baba Ƙarami nawa azara take yanzu, ba zan gaya wa Yaya ba tukuna.