Yadda ake ƙera murfin gilashi da ƙananan sassan samfurin jirgin sama a gida

Murfin gilashin matuƙi da ke zuwa cikin kwalin samfurin jirgi yakan yi kauri. Idan kaurinsa milimita 1 ne a ma'aunin 1:72, wato samfurin da jirgin gaske ya ninka girmansa sau 72, a jirgin gaske ya zama santimita 7 da ɗoriya ke nan. Shi ya sa yake ɓata aikin da aka sha wahala a kai cikin ɗakin matuƙi, kujera da allon agogo duk su zama dishi-dishi. Maganinsa a ja sabo da siririn fallen roba.

Komai ya dogara ne a kan uwa, wato abin da robar za ta rungume ta ɗauki siffarsa. Ana iya sassaƙa ta da katako mai tauri, ko a cika tsohon murfin da ƙullin Milliput, wani ƙulli da ake cuɗawa ya daskare da tauri, in ya bushe a zare. Wannan ta biyun ta fi, domin ta riga ta yi ƙasa da girman murfin, kaurin sabuwar robar zai cike gurbin. A goge ta da samfefa daga lamba 400 har zuwa 2000, domin duk wani ƙarce, ko da na farce ne, sai ya fito ɓaro-ɓaro a cikin gilashin. Kada a yi mata fenti, zafi na sa shi ya manne. A ɗora ta kan ɗan dandamali mai tsayin milimita 6 zuwa 10, don lanƙwasar gindi ta faɗo ƙasa da layin da za a yanke.

Akwatin da zai zuƙe iska robar ta kwanta a kan uwar kuwa ba wani abu ba ne: filawud, santimita 15 kowane gefe, saman an huhhuda shi da ramuka na milimita 2, tazarar santimita 1, a gefe kuma rami guda na bakin injin zuƙar ƙura. A toshe duk wata kafa da tef. A matse fallen PETG, wato roba mai garau kamar gilashi, mai kaurin milimita 0.5 tsakanin firam biyu, a gasa shi a kan rishon lantarki daga nesa, ana jujjuyawa. Da farko zai yamutse, sai ya miƙe, sannan tsakiyarsa ta fara zazzagowa. Da ta sauko kamar santimita 1 zuwa 2, a kunna inji, a kifa firam ɗin kai tsaye a kan uwar da ke saman akwatin, lokaci guda. Daƙiƙa biyu an gama.

In ya yi fari ko ƙuraje, zafi ya yi yawa. In bai kwanta a gindi ba, bai gasu ba ko iska na shiga ta wani wuri. Tattara a kusurwa kuma alama ce ta robar ta yi laushi fiye da kima ko an jera uwa biyu kusa da juna. Lokacin hunturu a goge fallen sosai kafin gashi, ƙwayar ƙura ɗaya takan bar tabo. A ja uku ko huɗu, domin a wurin yanka ake asara. Wajen mannawa a yi amfani da farin gam na kafintoci; tururin sufa gulu na sa gilashi hazo.

Taya, kujera da bututun hayaƙi ba sa jawuwa haka, sai zubi. A manna uwar a gindin ɗan akwati, na Lego ma ya isa, a bar milimita 10 kowane gefe. A gauraya silikon, ruwan roba mai daskarewa da zai zama mazubi, a kan sikeli yadda kwalinsa ya ce, a tsiyaya shi siriri daga sama a kusurwa ɗaya, ya malala da kansa ya rufe uwar. Silikon nau'in da ake kira filatinam ba ya daskarewa in ya taɓa yumɓu mai farar wuta ko safar hannu ta latas, sai ya tsaya da danƙo. Mazubi mai ɓari biyu yana buƙatar basilin a tsakani, in ba haka ba su haɗe su zama ɗaya.

Rezin na foliyuretan, ruwan da ake zubawa a mazubi ya daskare ya zama sashen, yawanci ɗaya bisa ɗaya ake haɗa shi, kuma minti biyu zuwa biyar kawai yake bayarwa, a zafin bazara ma bai kai haka ba. Don haka a dama kaɗan, giram 10 ya isa tayoyi da dama. A barbaɗa hodar jarirai a mazubin a kakkaɓe, a zuba da sirinji, a zungura lunguna da tsinken sakace don iska ta fita. Babban abokin gabarsa danshi ne: rezin na haɗuwa da ruwa ya fitar da iskar gas, zubin ya fito da ramuka kamar soso. Da damina a rufe kwalba da zarar an ɗiba, a dama da sandar roba a kofin roba, ban da tsinken itace mai laima. Bayan rabin awa a zare, a goge da jiƙaƙƙiyar samfefa, da takunkumi a hanci, don ƙurar rezin na cutar da huhu.