Keken Ɗinkin da Ɗaliba Ba Ta Taɓa Takawa Ba

A 1982, lokacin da Najeriya ta fara aiwatar da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a), an yi fatan yaron da ya gama ƙaramar sakandare zai fito da sana'a a hannunsa. An shigo da injinan koyon sana'a daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama sun yi tsatsa cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya iya sarrafa su.

A 2011 hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta sanya sana'o'i 34 a manhajar babbar sakandare, ciki har da ɗinki, kiwon kifi da gyaran waya. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake koyar da su: ɗaliba ta haddace sassan keken ɗinki a littafi, ta ci jarrabawa, alhali ba ta taɓa zura zare a allurarsa ba. A ganina, makarantar da ba ta da kayan aiki ta haɗa kai da teloli da kafintocin unguwarta, ɗalibai su riƙa zuwa shagunansu rana guda a mako, malami yana bin sawunsu, a kuma ba su maki a kan abin da hannunsu ya yi.